Kawo In Ajiye Maka

Da yammacin ranar sallah yara kan dawo gida aljihu cike da 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, na gidan kaka daban, na kawu da gwaggo daban. Tun ba su tuɓe takalmi ba sai ka ji uwa ta ce, "Kawo in ajiye maka, kada ka yar." Yaro ya miƙa. Bayan mako biyu ya tambaya, a ce masa, "Tuwon da kake ci fa, da me aka sayi masarar?"

A gidaje da yawa wannan ne karatun farko da yaro ke samu a kan kuɗi, kuma abin da ya ɗauka shi ne duk abin da aka ajiye ya tafi ke nan. Sallah mai zuwa ba zai iso gida da sisi ba. A hanya zai ƙarar da su wajen mai balan-balan da mai bindigar roba, mu kuma mu zauna muna cewa yaran yanzu ba su san darajar kuɗi ba.

Na san halin da ake ciki. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma uwar da ta rasa kuɗin cefane ta taɓa na ɗanta ba ɓarauniya ba ce. Sai dai aro daban, ƙwace daban. Me zai hana ta ce, "Ara mini dubu ɗaya, ranar Juma'a zan biya ka," Juma'a ta zo ta ƙirga masa a tafin hannu? Yaron da aka yi wa haka ya ga da idonsa yadda ake cin bashi a biya, tun kafin ya san ma'anar amana a littafi.

Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su, sai an ga hankalin riƙon dukiya tare da su sannan a miƙa musu abinsu. Ta yaya za a jarraba wanda bai taɓa riƙe kwabo ba?

Asusun ƙasa yana da amfaninsa, yana koya haƙuri. Amma kuɗin da ke kwance cikinsa kullum darajarsu raguwa take, kuma canjin kuɗi na farkon 2023 ya nuna mana takarda na iya tashi daga aiki. Dabarar kakanninmu ta fi: a sayi kaza da kuɗin sallar yaro, a ce tasa ce. Shi zai watsa mata tsaba, shi zai ƙirga ƙwai. Ran da shirwa ta sure ɗan tsako zai san ciwon asara, ran da aka sayar da zakaru aka kawo 'yar akuya zai san daɗin riba. Wannan ba ɗaya yake da ɗora wa yarinya farantin talla lokacin makaranta ba, inda wahalar tata ce, cinikin na wani.

Wanda ba shi da wurin kiwo, ga kuɗin tara. A ba yaron da ya iya ƙirga na mako guda ranar Litinin. Idan ya cinye kafin Laraba, a zuba masa abinci daga gida, amma kada a ƙara masa ko naira sai wata Litinin ɗin.