Tafiyar ƙasa ba abin kunya ba ce

Kai mai karatu, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa. Ka ji abin da ke harbawa? Wannan jijiyar jini ce. Zuciya ce ke tura jini cikinta. Ga babban mutum da ke zaune yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, tana tura jini wajen lita 5. In ya tashi yana gudu, jinin kan ninka har sau huɗu.

Mutane da yawa sun ɗauka jijiyar jini kamar bututun pampo take, na ƙarfe, ba ta motsi. Ba haka ba ne. Tsoka gare ta, tana buɗewa tana tsukewa. Ta fi kama da fatar da dukawan Damagaram ke aiki da ita: in ana murza ta kullum sai ta yi laushi, in an jefar da ita a lungu sai ta bushe ta ƙage. Jijiyar da ta ƙage, kitse ya taru a bangonta, hanya ta matse, dole zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi. Nan ne hawan jini yake samun gindin zama, wanda muke ce wa tansiyo. Daga nan kuma sai ka ji an ce wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

To me ke murza jijiya? Jinin da kansa. In ka yi tafiya mai nisa da sauri, ko ka tuƙa keke, jini yana gudu yana gogar bangon jijiya ta ciki. Sai bangon ya saki wani sinadari da ke sa tsokar jijiya ta saki jiki, hanya ta buɗe. Masanan Amurka uku da suka gano wannan sinadari sun samu kyautar Nobel a 1998. In ka riƙa yi kullum, wata da watanni, jijiyar takan saba da buɗewa. Ƙananan hanyoyin jini sababbi su tsiro cikin naman ƙafa. Zuciya ta yi ƙarfi, bugu ɗaya ya tura jini mai yawa, har ka tarar da masu gudun dogon zango zuciyarsu na bugawa sau 50 ko ƙasa da haka in suna hutawa.

Tun a 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan manyan motocin haya na birnin Landan, masu hawa biyu. Direba yana zaune wuni guda. Mai karɓar kuɗi kuwa yana ta hawa sama yana sauka. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba.

Mu ba sai mun je Landan ba. Zamanin Sarki Tanimun fatake suna fita daga Zindar su nufi Kano a ƙasa, tafiyar da ta wuce kilomita 200, da jakuna da kaya. Har yau akwai ƴan ƙauye da ke shigowa kasuwar Dole a ƙasa su koma a ƙasa. Amma ɗan birni fa? Daga Birni zuwa Zango sai ya tsai da kabu-kabu. Ya biya kuɗi, ya sayi zama. In an ga babban mutum yana tafiya a ƙasa sai a fara gunaguni, a ce ko karayar arziki ta same shi. In tumbi ya fito kuma a ce masa barka, hutu ya zo. Ni dai a ganina wannan tunani ne ke cika asibiti da masu tansiyo, tare da gishiri da dunƙulen magi da muke zubawa ba awo.

Wani zai ce: “Malam, ni da nake noma tun asuba, wace tafiya kuma zan ƙara?” Gaskiyarka, da damina ba ka da bashi. Maganata da mai shago ce, da tela, da ma'aikacin biro, da direba, da manomin da ke ajiye hauya bayan kaka ya zauna gindin bishiya har ruwa ya sake sauka. Jijiya ba ta ajiyar abin da ka yi bara. In ka daina, cikin ƴan makonni sai ta fara komawa yadda take. Kokawa ma, duk da son da muke mata, ƙarfi ne na ɗan lokaci. Abin da jijiya ke so shi ne motsi mai daɗewa.

Mata ma suna ciki, musamman waɗanda ba su fita. Da can daka da jan guga suna yi musu wannan aiki. Yau inji ya karɓi niƙa. Maigida, in uwargida ta ce za ta je gidan suna a ƙasa tare da ƴan uwanta mata, kada ka ga kamar an rage maka daraja.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Saurin da ake so shi ne wanda numfashinka zai ɗan hau, amma kana iya magana da na kusa da kai. Ka zaɓi bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, don zafin watan Afrilu da Mayu a ƙasarmu ba abin wasa ba ne, kuma ka sha ruwa. In ka daɗe ba ka yi ba, fara da minti 10.

Wanda likita ya ba maganin tansiyo kada ya ajiye shi don ya fara tafiya, a haɗa su biyun. In kana cikin tafiya ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe ka, ko numfashi ya sarƙe, ka tsaya nan take, ka je a auna ka kafin ka sake fita.