Kifin Teku a Falon Kaduna

A makon jiya, a Babbar Kasuwar Kaduna, wani tsohon ɗalibina ya nuna mini hoton wani ɗan kifi mai ratsin shuɗi da ruwan goro a wayarsa, wai zai sa a kawo masa daga Legas ya ƙawata falo. Ɗan tekun Karibiyan ne, tsawonsa kimanin santimita 8, kuma ba mafaɗaci ba ne. Masana suna kiransa Serranus tortugarum.

Na ce masa ya dakata. Wannan ba tarwaɗa ba ce da za ta kwana a bokiti ta wayi gari garau. Ruwansa sai an haɗa shi da gishiri na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi. Ɗumin ruwan kuma kada ya yi nisa da digiri 25, a garin da hunturu ke sa mu rawar ɗari, bazara kuma ta haura 35.

Babbar matsalar dai wuta ce. Idan famfon da ke motsa ruwan ya tsaya na wasu sa'o'i, iska za ta ƙare, kifin ya shaƙe, ba shi da bakin kuka. Da na tambaye shi awa nawa suke samun wuta a unguwarsu, sai ya mayar da wayar aljihu.