Littafin mai kula da kwamfutar ofis: wa zai rubuta, wa zai buga?

Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, ofisoshi sun yawaita a karkarar jahar Maraɗi, kwamfuta kuma ta biyo su sannu a hankali. A Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Runji, haka ma a Agiye da Gazawa, aikin da a da ake yi da biro da babban rajista ya soma komawa cikin na'ura, manyan ƴan kasuwa ma sun shigar da lissafinsu ciki. To, a bayan waɗannan na'urori akwai mutum guda da ba a cika ambatonsa ba sai ranar da abu ya lalace. Shi ke riƙe da kalmomin sirri, shi ke haɗa na'ura da na'ura, shi ya san inda aka ajiye kwafin takardu. Duk wannan sani a kansa yake. Ranar da aka canza masa wurin aiki, ya tafi da shi, wanda ya gaje shi kuma sai lalube cikin duhu.

Irin wannan ma'aikaci ne ya kamata ya zauna ya rubuta littafi, da Hausa, ya kuma buga abinsa da kansa. Littattafan da ke zuwa daga Faransa masu kyau ne, amma an rubuta su ne domin ofishin da wuta ba ta ɗaukewa. Nan kuwa wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana shigowa daga Katsina ta layin Gazawa, kuma kowa ya ga halin da aka shiga a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulki. Littafin da zai amfani jama'ar nan shi ne wanda zai fara da batir mai riƙe wuta, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura, da zafin bazara, da ƙwayar cutar da ke yawo cikin ɗan makullin ajiya daga ofis zuwa shagon buga takardu. Ya kuma yi babi guda, mai tsawo, a kan ajiye kwafi biyu na kowane aiki, ɗaya a wani gini dabam.

Hanyar bugawa kuwa, an riga an share ta a Kano. Da kamfanonin ɗab'i suka ja baya a shekarun 1980, sai matasan marubuta suka riƙa tara kuɗinsu suna kai wa maɗaba'a, su ɗauko littattafai su rarraba wa ƴan kasuwa. Ta haka Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da "In Da So Da Ƙauna" a 1991, littafin ya ratsa ƙasar Hausa har Nijar. A fannin fasaha ma an taɓa: Abdullahi Salihu Abubakar, wanda masu karatun jaridar Aminiya suka sani da Baban Sadiq, ya rubuta "Fasahar Intanet a Sauƙaƙe".

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Labarin soyayya yana da dubban masu saye, kuma ba ya tsufa. Littafin masu kula da na'ura kuwa masu sayensa kaɗan ne, sa'an nan yana tsufa kamar ɗanyen tumatir. Wanda ya cika shafuka da hotunan Windows 10 ya ga abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya daina kula da ita. A babbar maɗaba'a, kuɗin farantin bugu ɗaya ne ko kwafi ɗari za a buga ko dubu, shi ya sa maɗaba'i zai ba marubuci shawara ya buga da yawa domin kowane kwafi ya yi araha. Shawarar gaskiya ce, sai dai ba ta dace da wannan haja ba. Ɗan kasuwa ya san ciwon kayan da suka kwana a sito, takarda kuma daga waje ake shigo da ita, ba ta da arha tun kafin karyewar darajar sefa ta Janairun 1994, balle bayanta. Gara a buga hamsin da injin zamani, a sayar, a gyara kurakurai, a sake bugawa.

Sauran aikin yana ga kalmomi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ma'aikacin Maraɗi da Faransanci ya koyi sana'ar, abokin aikinsa na Katsina da Ingilishi, abin da ke rubuce a fuskar na'urarsu ma ba ɗaya ba ne. Marubucin da ke son littafinsa ya ci kasuwa biyu sai ya yi bayanin kowane abu da Hausa tsantsa, ya ajiye jerin kalmomin harsunan uku a ƙarshe. Kada ya ƙaƙalo wa abu sunan da ba wanda ke faɗa. Tun da dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, irin wannan jeri ya zama abin da ofisoshi za su nema.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun taɓa zama ƙarfen ƙafa, har sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera musu tsarin rubutu a shekarun 1990. Yau suna cikin kowace na'ura, har da ƴ ɗin da ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta tsayar. Duk da haka wajibi ne marubuci ya karɓi kwafin gwaji daga maɗaba'a ya bi shi layi-layi, domin harafi guda da ya ɓace cikin umarnin da za a buga wa na'ura ya isa ya hana ta aiki. Sa'an nan ya miƙa kwafin ga wani ma'aikacin da bai taɓa yin aikin ba, ya zauna gefe ya yi shiru, ya ga a wane shafi zai tsaya.