Tsadar Amfilifaya Ta Mai Da Makaɗan Jita 'Yan Ƙodago

Tun 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar Naira, sabon kayan kiɗa na ƙasashen waje ya soma fin ƙarfin ƙaramin makaɗi a Nijeriya. Sakin Naira da aka yi cikin watan Yuni na 2023 ya daɗa dagula al'amarin.

Wanda abin ya fi shafa shi ne mai kaɗa jitar bes, wato mai kaurin amo. Irin wannan amo ba ya fita sai da amfilifaya mai ƙarfi da manyan lasifikoki. Shi ya sa Ampeg SVT, wadda aka fitar a Amurka cikin 1969, take da ƙarfin wat 300. Mai neman irinta sai ya nufi 'yan gwanjo a kasuwar Alaba ta Ikko. Can ma da sauran rina a kaba, domin kayan Amurka na wuta mai bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. In aka jona ba taransifoma, sai hayaƙi.

Saboda haka shugaban ƙungiya ne yake mallakar kayan, kamar yadda aka daɗe ana yi a kiɗan juju. Makaɗin da ya yi gardama kan kuɗin sallama, sai ya ajiye jita ya fita hannu rabbana, wani ya ɗauka a daren nan.