Gwiwa Kafin Bindiga

Uwargida, a duwatsun kudancin jihar Arizona ta Amurka akwai wata ƙaramar barewa mai farar wutsiya, launinta toka-toka, da ƙyar ido ke raba ta da dutse. Mafarauci kan hau tudu tun asuba, ya wuni da madubin hangen nesa, ruwan shansa goye a baya.

Wanda ya shekara goma bai je ba, gwiwa da numfashi ke fara kayar da shi. Shi ya sa masu hankali ke soma tattaki da kaya watanni kafin Oktoba, su kuma ga likita.

In maigida ya ce zai koma aikin ƙarfin da ya bari tun samartaka, ki tuna masa: shirin zaune ya fi na tsaye. Ke yaya kike shawo kan naki?