Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Nasiha ga Masu Zuba Jari a Yawon Buɗe Ido



Mu da muke riƙe da alƙalami a zauren dattijon unguwa a nan Damagaram, takardu iri guda sun yawaita a hannunmu cikin 'yan shekarun nan. Attajiri ya zo, ko wakilin wani kamfani, da zanen gidan wasa a jakarsa: ga lilo mai tafiya da inji, ga tafkin ninkaya, ga ɗakin wasannin kwamfuta. Buƙatarsu ɗaya ce, a ba su fili. Wanda ya zo mana bara ma, filin da ya nuna shi ne inda samarinmu ke kokawa bayan kaka. Da Maigida ya tambaye shi, "Alhaji, su wa za su shiga?" sai ya ce Turawa na nan dawowa. Muka karanta takardar har ƙarshe, ba mu ga gurbin ɗan unguwa ba in ban da mai gadi.

Ba mu ƙin jari, domin matasanmu na zaune a bakin titi ba aikin yi. Abin da muke cewa shi ne, wanda zai gina wurin shaƙatawa a ƙasar nan ya gina shi domin ɗan gari da maƙwabci, kuma jama'ar wurin su kasance da rabo a ciki.

Agadas ta ishe mu darasi. Akwai lokacin da jirage ke sauke Turawa can kai tsaye daga Faransa, masu ja-gora da maƙeran azurfa da direbobin hamada duk suna cin abinci. Tawayen 2007 ya zo, sannan aka sace ma'aikatan ƙasashen waje a Arlit a 2010, baƙi suka ɗauke ƙafa. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, amma wannan shaida ba ta cika ɗakunan masaukai ba. Baƙon nesa sanarwa guda daga ofishin jakadancin ƙasarsa ta isa ta hana shi zuwa. Su kuwa mutanen gari, har yau suna fitowa bikin Bianu kowace shekara.

To, wane ne baƙon da ba ya yankewa? Shi ne Bakano da Bakatsine da mutumin Maraɗi, wanda ke da ƙanwa ko suruki a cikinmu. Tsakaninmu da Kano bai kai kilomita 250 ba, kuma tun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Wannan baƙo ya san darajar hawan salla, yana son ya kai iyalinsa su ga fadar Sarkin Damagaram da gidajen Birni masu zane, ya ji labarin Sarki Tanimun da zamanin da garin nan yake babban birnin ƙasa kafin a mayar Yamai a 1926, ya sayi jaka a hannun dukawa. Ku dubi kokawar takobi da aka fara a Tawa a 1975: ɗan ƙasa ne ke cika filin, ba a jiran kowa daga ƙetare.

Sai maganar ruwa da wuta. Garin da mata ke bin layin famfo tun asuba a lokacin bazara, da wane ido za a haƙa tafkin ninkaya a tsakiyarsa? Ba mu kuma manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya. Injin da aka sayo da tsada, in ba wuta ba kayan gyara, tsatsa ce magajiyarsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Haka nan wajibi ne a nemi yardar jama'a tun farko. A 2016 gwamnatin Nijeriya ta yi niyyar gina alƙaryar shirya finafinai a Kano, malamai da jama'a suka ƙi, aka janye. Ko mutum yana ganin an yi daidai ko an yi kuskure, darasin ɗaya ne: abin da ya shafi tarbiyyar 'ya'yan mutane ba a yanke shi a ofis. Da an zauna da malamai da iyaye an shata iyakoki, wataƙila da labarin ya sauya.

Game da nishaɗin wayar hannu kuwa, yaranmu na kashe kuɗin intanet suna kallon tarihin wasu, alhali tsofaffin da suka haddace namu na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ɗaukar murya da hoto, da 'yan matasa da aka koya wa aikin, bai kai kuɗin lilo guda ba, kuma kasuwarsa ta kai duk inda ake jin Hausa, daga zangon Kumasi har Sudan.

Saboda haka sharuɗɗanmu uku ne ga duk mai sallama a zaure. Fili haya za a ba shi na shekaru sanannu, ba sayarwa ba. A rubuta adadin 'yan unguwa da za a ɗauka a kuma koya musu aiki. A yanka kuɗin shiga da talaka zai iya biya wa 'ya'yansa ranar salla, a keɓe wurin salla da lokacin mata da yara.

Takardar Alhajin bara tana nan a ajiye, mun aika masa da amsa, muna sauraronsa. Allah Ya sa albarka cikin dukiyar masu dukiya, Ya tsare mana ƙasarmu da zuriyarmu, amin.