Inji Ya Samu, Saura Mai Kashe Shi

Tun ran 29 ga watan Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, sha'anin noman rani ya sake kama. Litar man da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta ɗara 1,000. Ma'aikacin ofis abin da ya gani shi ne kuɗin mota ya ƙaru. Amma manomin shinkafa na fadamar Kalgo da mai lambun albasa na Gwandu, su a bakin rijiya abin ya same su, gama ɗan injin nan da ya ke jawo musu ruwa ba ya motsi sai ya sha mai. Saboda haka mutane suka juya ga injin da ya ke aiki da hasken rana, wanda a ke kira sola. Masu hali suka saya da kuɗinsu, Gwamnatin Jihar Kebbi kuma ta raba dubbai ga manoma. Wannan abin madalla ne, muna fata a ƙara.

To, amma akwai wata magana da ta biyo bayan wannan alheri, ita ce mu ke so masu karatu su duba tare da mu.

Ban-ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. Baturen nan matafiyi na Jamus, Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarimu, ya sauka Gwandu cikin 1853, zamanin Sarki Halilu, ya kuwa yaba albasarta da ayabarta. Kakanninmu da guga da jigo suka yi wannan aiki. Mai jigo ba ya ɓarnar ruwa, don kowane guga da ƙarfin damtsensa ya fito. Da zarar fangali ya sha, sai ya tsaya. Da aka soma shirin Fadama cikin 1993 da taimakon Bankin Duniya, aka cika fadamu da ƙananan rijiyoyin bututu da injuna, sai aikin ya tashi daga damtse ya koma aljihu. Nan ma akwai linzami: mutum yana jin ƙarar inji yana lissafin mai. Amma sola fa? Daga hantsi har la'asar tana zuba ruwa, ba ta gajiya, ba ta neman ko anini. Watau yanzu babu abin da zai sa manomi ya kashe inji sai hankalinsa, shi ma sai in yana wurin. Ga shi kuwa yana da kasuwa, da suna, da jana'iza, da wata gonar a wani gefe.

Wani zai ce, to, mene ne laifi in ruwa ya yi yawa, tun da kyauta ne? Laifin yana da yawa. Ruwan da ya wuce inda saiwa ta tsaya ba shi kaɗai ya ke tafiya ba, yana tafe da takin zamanin da aka sayo da tsada, musamman yuriya. Albasa kuwa, saiwarta ba ta da nisa, yawancinta ba ta wuce ƙafa guda cikin ƙasa. Abin da ta ke so shi ne kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma a yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire ta. Wadda aka cika wa ciki da ruwa ita ce ta ke ruɓewa a rumbu tun ba ta kai lokacin da albasa ke tsada ba. Masu sana'ar a Gwandu da Aliero sun fi mu sanin wannan.

Babbar hasarar kuwa ta jama'a ce. Rijiyoyin fadama duk daga tafki guda su ke sha a ƙarƙashin ƙasa. Injin da a ke girkawa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwa in zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8, watau wajen ƙafa 25. Wannan dokar halitta ce, ba laifin maƙerin inji ba. In kowa ya bar nasa yana zuba tun daga Disamba, kafin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya ke tsanani, shuka kuma ta fi bukata, sai ruwan ya janye ƙasa. Shi ne za ka ga ana haƙa rami ana sauke inji ciki yana bin ruwa. Mai kuɗi ya ƙara zurfi, talaka maƙwabcinsa ya tsaya yana kallon shinkafarsa tana ƙonewa.

A nan ne maganar na'urar sarrafa ban-ruwa ta shigo. Ga yadda ta ke a ƙasashen da aka ƙago ta. Wani ɗan akwati ne a ke kafawa jikin bango, wayoyi su fita daga cikinsa zuwa ga bawul-bawul, watau makullan bututu masu buɗewa da rufewa da lantarki, kowane ɓangaren lambu da nasa. A kan soka wani ɗan ƙarfe cikin ƙasa mai jin danshi, yana gaya wa akwatin ko ƙasa ta bushe. Akwatin kuma yana haɗe da intanet, yana samun labarin yanayi. In an ce gobe da ruwan sama, sai ya fasa bayarwa yau. Mai gida yana ganin duk abin da a ke ciki a wayarsa ta hannu, ko da yana wani gari. Yawanci a kan haɗa shi da sauran tsarin gidan, mai kunna fitilu da magariba, ya kulle ƙofa, ya cika tanki. Kamfanoni irin su Rachio da Rain Bird na Amurka suna sayar da irin wannan. Abin dariya, galibin masu sayensa can ciyawar ado su ke shayarwa a ƙofar gida, wadda ko akuya ba a bari ta ci.

Ba mu ba kowa shawara ya aika a sayo masa irin wannan ya kai fadama ba. An gina shi ne bisa zaton akwai lantarki dare da rana, da intanet na gida, da ruwan famfo mai ƙarfi cikin bututu. Labarin ruwan sama ma da ya ke taƙama da shi, me zai amfana mana, alhali daga Nuwamba zuwa Afrilu kowane yaro ya san amsar? Har wa yau, akwatin bawul kaɗai ya iya buɗewa. Fangalinmu kuwa da fartanya a ke buɗe masa hanya, a toshe ta da ƙasa in ya cika, babu na'urar da ta iya riƙe fartanya. Wanda bai shimfiɗa bututu a lambunsa ba, rabin aikin akwatin ya tashi a banza.

Amma wannan bai sa mu ce a yi watsi da dabarar ba, gama maƙwabtanmu sun riga sun rage mata tsawo ta yi daidai da mu. A Jamhuriyar Nijar wani masanin kwamfuta, Abdou Maman Kané, ya ƙera tsarin da manomi zai kira wata lamba da ƙaramar wayarsa, injin sola ya tashi a lambu, ya ba da ruwa gwargwadon lokacin da aka yanka masa, ya mutu da kansa. Ba a bukatar babbar waya, layin kira ya isa. Wannan aiki ya jawo masa kyautar kamfanin Orange cikin 2011, kāna cikin 2015 ya sami babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu na Maroko. A Indiya ma akwai irinta, Nano Ganesh, wadda Santosh Ostwal ya ƙago don manoman da su kan fita tsakar dare kunna inji suna gamuwa da macizai. Ƙasar Nijar ba ta fi mu ruwa ba, ba ta fi mu lantarki ba, rana ɗaya ce kuma ta ke dukanmu. Abin da ya yi aiki a lambunan Yamai ba mu ga dalilin da zai hana shi yi a Kalgo ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk injin sola da za a raba ko a sayar nan gaba, ya zo da makunnin da ya ke kashe kansa: wanda a ke yanka wa lokaci, wanda kuma ya ke tsayawa in ruwan rijiya ya ƙare, don inji mai juyawa a bushe ba ya daɗewa. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da na faifan sola. Wanda ya ƙara samun hali ya ɗora tanki bisa gini, inji ya cika shi da rana, a ba shuka da sanyin safiya ko da yamma. Bututu mai ɗigo da bawul na lantarki su zo daga baya, ga masu tumatir da tattasai da attarugu, waɗanda amfaninsu zai iya biyan kuɗin.

Sai dai a lura, na'ura ba ta san albasa ba, ba ta san shinkafa ba. Abin da aka gaya mata shi ta ke yi, in an gaya mata shirme ta yi shi kullum ba fashi. Wa zai gaya mata minti nawa? Ƙasar jigawa mai rairayi da laka ta fadama ba shan su ɗaya ba. Amsar tana wurin tsofaffin manoma da malaman gona, sai an auna an rubuta. Ga masu shinkafa ma akwai ma'auni wanda ba ya cin batir. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin, wadda aka kafa cikin 1960, ta koyar da shi: a yanko bututun roba mai tsawon ƙafa guda, a huhhuda rabinsa, a kafa shi cikin gona, a kwashe ƙasar cikinsa. Kada a sake ba da ruwa sai an leƙa an ga ya sauka santimita 15, watau inci 6, ƙasa da fuskar gona. Sai fa lokacin da shinkafa ta ke fure, nan ba a barin ta ba ruwa kwance. Sun nuna wannan ya kan rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. Wanda bai iya aiki da wannan bututu ba, ko an ba shi akwatin Amurka ba abin da zai ƙara masa.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ɓarayi, gaskiya ne kuwa. Faifan sola da aka bari a daji ba mai tsaro ya zama nama. Maganinsa shi ne maƙwabta goma ko ashirin su haɗa kai, su ɗauki mai gadi guda, kamar yadda a ke yi wa masussuka. Za a ce samarin da su ke samun na cefane wajen ban-ruwa za su rasa aiki. Ba mu raina wannan magana ba, amma muddin ana amfani da fangali, mai fartanya yana nan. Abin da zai ragu shi ne zaman jiran inji. Wadda ta fi damunmu ita ce maganar gyara. Ƙasar nan ta sha ganin injuna masu tsada sun zama matattarar ƙadangaru saboda wani ɗan ƙarfe da ba a samu ba sai Ikko. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa cikin 2013, mazauninta a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, fadama tana kusa da ita. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Aliero tun 2006, tsakiyar ƙasar albasa. Ga kuma Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Haɗa makunnin da ya ke amsa kiran waya ba ya fi ƙarfin ɗaliban lantarki na waɗannan makarantu ba. Muna roƙon shugabanninsu su sa a ƙera, a gwada a gonakin mutane rani biyu ko uku, kuma a koya wa masu gyaran waya da masu gyaran janareta na kasuwannin Gwandu da Kalgo da Jega yadda a ke kwance shi a mayar. Bayanin aiki da shi kuma a rubuta da Hausa, boko da ajami.

Ku kuma akawuna da malaman makaranta, akwai naku rabo. A zamanin En'e ba a rasa littafin da aka rubuta yawan shanu da na masu biyan haraji a kowace gunduma. Me zai hana ƙaramar hukuma, tare da hakimai da dagatai, ta buɗe littafin rijiyoyin fadama, a zaɓi kaɗan a kowane yanki, a riƙa zura igiya ran ɗaya ga kowane wata ana rubuta inda ruwa ya tsaya? Bayan shekara uku za a san ko tafkin nan na ƙarƙashin ƙasa yana cikowa da damina ko kuwa cin uwar kuɗi mu ke yi, a kuma san inda ya kamata a dakata da haƙa sababbi. Malamin makaranta ya kafa bututun nan mai huda a gonar makaranta, ya sa yara su leƙa kowace safiya su rubuta a allo. Lissafi ne da kimiyya a wuri guda, za su kuwa kai labari gida.

Mai rijiyar burtsatse a gida kuwa ya soma da tankinsa. Kowa ya sha wucewa ta lungu ya ga ruwa yana kwarara daga saman bene har ya yi kwata a hanya, don an manta ba a kashe ba. Akwai ɗan makunni mai iyo da a ke ratayawa cikin tanki, in ruwa ya cika ya ɗaga shi sai inji ya mutu, in ya sauka ya tashi. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan famfo, mai gyaran lantarki kuma ya kan ɗaura shi cikin sa'a guda.